Yadda nake auna furotin na tantani ba tare da na wanke masa kitse ba

Furotin da ke zaune a tantanin ƙwayar halitta ba ya shiri da ruwa. Ka raba shi da kitsen da ke kewaye da shi, sai ya dunƙule ya lalace. Shi ya sa muke ciro shi da sabulun ɗakin gwaji, wanda ke lulluɓe shi kamar bargo har ya isa na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari.

Fara da sabulu mai taushi irin DDM. Kada ka yi ta maimaita tacewa don neman tsabta, domin kowace tacewa tana tafiya da wani kitsen, alhali shi ka zo nema. Ni a nan na fi yin asara: samfur ya fito fes, amma babu komai a jikinsa.

Daga nan sai ka kori gishiri. Sodiyam kilorayid yana manne wa furotin, sakamako ya zama tudu ɗaya marar kan gado. Musanya ruwan da amoniyam asitet, kimanin milimola 200, wanda ke tashi ya bi iska. Ka bar sabulu a ciki, ninki biyu na adadin da ƙwayoyinsa ke fara taruwa su zama ƙananan dunƙulalle.

Zuba mikirolita 2 ko 3 cikin siririn bututun gilashi mai rufin zinare, ka ba shi wuta ya fesa. Wannan feshin ne ya kai John Fenn ga kyautar Nobel a 2002.

Sauran aikin haƙuri ne. A cikin na'urar, ana sa furotin ya yi karo da iskar gas don bargon sabulun ya zube. Ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan. In ya gaza, ba ka ganin komai. In ya zarce, kitsen ya faɗi, furotin ma ya warware. Da wannan dabarar ɗakin gwajin Carol Robinson ya fitar da BtuCD, furotin mai shigar da bitamin B12 cikin bakteriya, cikakke a 2008, a 2014 kuma, a Oxford, suka nuna wani kitsen tantani mai suna kadiyolifin yana ƙarfafa AqpZ, furotin da ruwa ke bi ta cikinsa.

Wajen karanta sakamako, duba zanen da na'urar ta fitar: ƙananan tsinayen da ke bin babban ta dama su ne furotin mai ɗauke da kitse. Ninka tazarar da ke tsakaninsu da cajin lantarkin furotin: tazara 50, caji 15, nauyi dalton 750 ke nan, wato fosfolifid (kitsen tantani na yau da kullum) guda. In ya kusa 1,400, zargi kadiyolifin, ko fosfolifid biyu. Don raba gardama, ciri kitsen daban da kulorofom da metanol, kashi 2 da 1 kamar yadda Folch ya tsara a 1957, ka farfasa shi a na'urar ka ga gutsattsarinsa.