Kurakuran da ake yi wajen haɗa ɗalibai musayar imel da 'yan ƙasashen waje

Babban kuskure shi ne malami ya raba wa ɗalibai adireshi, ya ce kowa ya rubuta wa abokinsa, sai ya naɗe hannu. Ɗaliba a Samaru, Zariya, za ta buɗe wasiƙarta da gaisuwa layi huɗu, har da tambayar lafiyar iyaye, sai amsa ta zo daga Jamus jimla biyu, ko "ya gida" babu. Ranta ya ɓaci, ta ce ba su da tarbiyya, ta daina rubutu. Shi kuma abokin nata can yana mamakin abin da ya haɗa baƙuwa da mahaifiyarsa. Malam, wannan ɓacin ran shi ne darasin, kada ka bari ya wuce. Nemi izininta, ka karanta wasiƙun biyu a aji, ka tambaya: me kowannensu ya ɗauka ladabi ne? Haka shirin Cultura ya ginu, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1997 tsakanin ɗaliban Amurka da na Faransa: kowane ɓangare ya amsa tambayoyi iri ɗaya, a jera amsoshin, a tattauna a aji.

Sai kuskuren tsayawa a kan hirar tuwo da hawan sallah. Suna da daɗin labari, amma mako biyu sun ƙare. A ba su tambayoyi masu nauyi: wa ke zaɓar wa yaro abin da zai karanta? Yaya ake nuna wa babba ba a yarda da maganarsa ba?

Ka kuma hana su yanke wa ƙasa hukunci daga bakin mutum ɗaya. Ɗan Tudun Wada ma ba ya magana da yawun Sabon Gari, balle Najeriya.

Jan biro a kan kowane kuskuren Turanci yana kashe gwiwa. A ware wa nahawu lokacinsa daban.

Kalanda kuwa tana rusa shiri ba a ankara ba. Ba'amurke ya rubuta 3/4, yana nufin 4 ga Maris, mu mu karanta 3 ga Afrilu. Makarantunsu da yawa na dogon hutu tsakanin Yuni da Agusta, mu ga jarrabawa, ga azumi, ga matsalar wuta da data. Tun kafin wasiƙar farko ku daidaita da malamin can a kan wasiƙa ɗaya a mako, kuma ku gaya wa ɗaliban can cewa shirun kwana uku daga Zariya ba wulaƙanci ba ne.