Yadda za ka maida bayit sitirin a Go ba tare da kwafi ba

'Yan uwa masu koyon kodin nan Maradi, tambayar ga, ta yadda za a maida bayit (`[]byte`, jerin bayanai) ya zama sitirin (`string`, wato rubutu) a yaren kodin na Go ba tare da kwafi ba, ta yi yawa tun daga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo har masu aiki, to ga matakai.

1. Buga `go version`. Sai sigar Go 1.20 zuwa sama, wadda ta fito a 2023.

2. Sa `import "unsafe"` a saman fayil.

3. Duba tsawon b (bayit ɗin da za ka maida sitirin s), in sifili ne maido da "" kawai.

4. Rubuta `s := unsafe.String(unsafe.SliceData(b), len(b))`.

Hattara a nan! Yanzu s da b wuri guda suke a memori, kana taɓa b to s ma ya canza, kuma Go ya ɗauka sitirin ba ya canzawa har abada, in ka sa shi makullin map (ma'ajiyar da ake neman abu a ciki da makulli) wallahi sai ka kwana kana neman inda matsala take. Don Allah kar ka sake rubutu cikin b.

5. In daga sitirin za ka koma bayit: `b := unsafe.Slice(unsafe.StringData(s), len(s))`.

Wanga b na karatu ne kaɗai. In sitirin ɗin cikin kod aka rubuta shi, kana canza bayit guda shirin zai mutu nan take.

6. Auna da `go test -bench=. -benchmem`.

7. Dubi allocs/op a sakamakon, wato sau nawa aka ware memori a kowane aiki. In bai ragu ba, koma `string(b)`, hanyar da aka saba mai yin kwafi, ni shi na fi so ga ƙananan bayanai. Ko `m[string(b)]` wajen neman abu a map dama can ba ya kwafi.