Darasi na 7: Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba

Wata kaka ta kai jikanta ɗan shekara 9 asibitin sha-ka-tafi. Bayan wuyansa ya yi duhu, fatar ta yi kauri, kamar an goga masa baƙin tukunya.

"Malama, na dirje shi da soso da sabulun salo har sai da ya yi kuka, amma dattin nan ya ƙi fita."

Malamar asibiti ta duba wuyan, ta duba hammata. Ta ɗora shi a kan sikeli, ta auna tsawonsa.

"Hajiya, ba datti ba ne, ki daina wahalar da shi. Nauyinsa ne ya wuce kima."

"Haba 'yata, ai ƙoshi ne! Tubarkalla, duk layinmu babu mai jikinsa."

Kada mu yi wa kakar nan dariya. Mun daɗe muna ganin tamowa tana cin yara, har yau kuwa ba ta bar mu ba, shi ya sa kumatu da teɓa suke kwantar mana da hankali. Amma zamani ya zo da wata cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990, cikin yara 100 masu shekara 5 zuwa 19, guda 8 ne nauyinsu ya wuce kima. Zuwa 2022 sun kai 20 cikin 100, wato sama da yara miliyan 390 a duniya. Ba a ƙasashen Turawa kaɗai suke ba, har da biranenmu.

Me ya haɗa wuya da ƙiba?

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, abincin yakan koma sukari ya shiga jini. Akwai wani sinadari a jiki, sunansa insulin. Aikinsa kamar na ɗan dako ne: yana kwashe sukari daga jini yana kai wa tsoka. Idan kitse ya taru, musamman a ciki, tsoka sai ta riƙa ƙin karɓar kayan. Jiki kuma ya yi ta ƙaro 'yan dako. Yawan insulin ɗin nan ne kan sa fatar wuya da hammata ta yi duhu. Ran da jiki ya gaji, sukari ya tsaya a jini, ciwon suga ya kama. A da, sai dattawa aka sani da irin wannan ciwo. Yanzu ana samunsa ga samari da 'yan mata.

Zuciya ma tana ɗanɗana kuɗarta, don jiki mai nauyi aiki yake ƙara mata. Jini na iya hawa, kitse ya liƙe a jijiyoyi da hanta. Yaro ba zai ce wani wuri na masa ciwo ba. Sai dai a ga yana haki idan ya ɗan yi gudu, yana minshari da dare. Yawanci mai ƙiba tun yarinta da ita yake girma, kuma ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi saurin riskarsa.

A lura: kumburi daban, ƙiba daban. Idan ka danna bayan ƙafar ƙaramin yaro da babban yatsa, ka ga wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, a garzaya asibiti. Ƙwayar sa ƙibar nan kuma da ake kira sha-ka-fashe, kada a kusanto da ita kusa da yaro.

Daga ina za a fara?

Ni dai a ganina, daga abin sha. Hukumar ta ce ya fi kyau sukarin da mutum zai sha a yini kada ya wuce ƙaramin cokali 6. Robar lemo guda mai rabin lita kuwa takan ɗauki cokali 10 ko fiye. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya shiga kicin ɗinmu. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in aka ɗura musu sukari, duk kanwar ja ce. Ga shayin safe, ga biskit da alawa a ƙofar makaranta.

Ba a ce a hana yaro abinci ba, ba a kuma ce a riƙa tsokanarsa da sunan teɓa ba. Gida gaba ɗaya ne zai sauya tukunya: wake, kwaɗon zogale, miyar ganye, gwanda, gwaiba, da ruwa in an ji ƙishi. Jariri a ba shi nonon uwa zalla wata 6. Ɗan makaranta ya samu aƙalla awa 1 kullum yana wasan da zai sa shi gumi, ko langa, ko ƙwallo, ko tsallen igiya, maimakon zaman latsa waya.

Aikin gida

Gobe tun daga karin kumallo har kwanciya, duk cokalin sukarin da aka zuba wa yaronka, ja layi ɗaya a littafinka. In ya sha robar lemo, ja layi 10. Ƙirga layukan, ka rubuta adadin, ka zo da shi aji.