Yadda ake tantance wake kafin a yi cinikin buhu

Idan za ka sari wake a kasuwar Katako ta Jos, kada ka yarda da na bakin buhu, domin nan ake ɗora mai kyau. Sa a soka maka ƙarfe a tsakiya da ƙasa, ka haɗa abin da ya fito a tafin hannu.

Ƙirga ƙwaya 100, ka ware masu huda. Nan farashi yake faɗuwa, don mai saye da mudu tana ganin rami ɗaya za ta fara neman ragi. Duba kuma ɗigon fari-fari da ke manne a jikin ƙwayar: ƙwan ƙwaro ne. Cikin kusan wata guda zai fito ya sake yin wani, buhun ya koma gari. Waken da ke da wannan ɗigon na sayarwa nan take ne, ba na ajiya ba.

Ciji ƙwaya ɗaya. Busasshe yana fashewa ƙas, mai danshi kuwa lotsewa yake, kuma shi ne ke yin fumfuna. Sai ka shinshina. Warin fiya-fiya ko Sniper dalilin barin buhun ne komai arha. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma matan gida sun san warinsa.

Girman ƙwaya kuɗi ne. Manya irin Kanannado sun fi ƙanana tsada, amma fa san wa za ka sayar wa. Mai ƙosai da alale fari take so, mai kaushin ɓawo, don yana saurin saɓulewa wajen surfe. Masu fate da yawa, musamman 'yan Kudu, ja mai zaƙi suke nema, su biya ba gardama. Gauraye kuwa, farashin na ƙasa ake yi masa, saboda ba ya nuna tare a tukunya. Rairaye shi, ka sheƙe, ka tsince tsakuwa, ka raba kala kafin ka sa kuɗi.

Idan ajiya za ka yi daga kaka zuwa damina, lokacin da farashi ke hawa, shanya shi sosai, ka bari ya huce, sannan ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Matse iska, ɗaure kowace leda daban, ɗora a kan katako nesa da bango. Rashin iska ke kashe ƙwaron, don haka hudar ɓera ɗaya ta isa ta ɓata aikin.