In kore ya kama, kada ka yi saurin taka mota

Salamu alaikum 'yan uwa direbobin Kumasi, musamman masu bin Anloga Junction da Amakom kullum.

Shawarata ita ce, in fitila ta nuna kore, ka ɗan dakata kamar daƙiƙa 2, ka waiga hagu da dama kafin ka motsa. Dalili kuwa, mai trotro (ƙaramar bas ta haya) ko mai pragya (keke mai ƙafa uku na haya) da ya hango ruwan ɗorawa daga can ɓangaren, maimakon ya taka birki sai ya ƙara wuta, ya faɗo mahaɗar bayan ja ta riga ta kama shi. Kai mai gaskiya, kai za a daka a gefe. Na bayanka zai danna maka oda, ƙyale shi, ba shi zai biya kuɗin gyara ba.

Ran da aka yi dumsor, wato aka ɗauke wutar lantarki, fitilun suka mutu, sai a bi a hankali, a haɗa ido da direban da ke gabanka. In akwai ɗan sandan MTTD (sashen 'yan sanda masu kula da zirga-zirgar motoci) a tsaye, hannunsa za a bi ko da fitilar na aiki.

Masu babur kuma, don Allah ku daina tsayawa a kan layin masu tsallakawa da ƙafa. Yaran makaranta nan suke bi da safe.