Kurakuran masu ƙaramin filin kiwo a Sakkwato

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne lissafin dabbobi da idon damina. A watan Agusta fili ya yi kore shar, sai mutum ya tafi kasuwar Achida ko ta Illela ya ƙaro shanu biyu. Alhali ruwan Sakkwato na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuwa sai abin da ka tanada. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kamar kilo 6 a rana, wato a rani ɗaya za ta lashe kusan tan ɗaya da rabi. Don haka ka je filinka a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta yi fayau, iska na kwasar ƙura. Abin da zai iya riƙewa a ranar, haɗe da abin da ke rumbunka, shi ne adadin dabbobinka na gaskiya.

Sai jinkirin sayen harawa. Da kaka tana arha, da bazara sai ka riƙe baki. Wanda ya saya da wuri ma yakan jibge ta a kan soro, rana ta ƙone ta, ganyen ya kakkaɓe, a bar shi da tsirara kara, alhali amfanin yana cikin ganyen. A ɗaure ta da sauran korenta, a ajiye a inuwa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙin sayarwa. Na ga dattijo a kara, wato kasuwar dabbobi, yana riƙe da igiyar sa irin bokolo wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa, dillali na taya shi kuɗin da bai kai na dusar da ya ci ba. Da ya rabu da shi tun kaka yana da tsoka, da kuɗin sun ciyar da sauran.

In filin ƙarami ne, jar akuya ta fi saniya rufin asiri: cikinta wata biyar, takan haifi tagwaye, tana kuma cin ganyen itace da 'ya'yan gawo. Shi ya sa sare gawo a filin kiwo asara ce, domin da rani yake ganye.

Kada a saki dabbobi da ruwan farko, a bari ciyawa ta kafa saiwa. Masu kiwo a fadamar Rima kuma su nemi likitan dabbobi saboda tsutsar hanta.