Ga 'yan ƙauyukanmu da suka sauka garuruwan bakin teku a Ingila

Na zo gida hutu, muna zaune a majalisa bayan la'asar a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, sai wani ƙanen abokina da ya samu gurbin karatu a Ingila ya ce mini: "Yaya, an ce garin a bakin teku yake, ai ni da iyo sai kifi." 'Yan majalisa suka yi dariya, ni ban yi ba. Shi ya sa na rubuta wannan, gare shi da sauran ƙannenmu na Jigawa da Kano da ke ta sauka can kowace shekara.

Layin waya, asusun banki, rajista da likita, lambar inshora ta neman aiki, duk waɗannan za ku gama cikin 'yan makonni. Mutanenmu na can ba su da rowar taimako, wani ma zai bar aikinsa ya raka ka. Maganar haya kuwa, kada ka biya kuɗin ajiya ba takarda a hannu, kuma ka tambaya ko mai gida yana tashin mutane da bazara don ya saka 'yan yawon buɗe ido. In kai cikakken ɗalibi ne ba ka biyan harajin kansila, wato na ƙaramar hukuma, ma'aikaci kuwa zai biya yana ƙunƙuni.

Daga cikin harajin nan ne kansilar garin da nake ta ware kuɗin sayen kwalekwalen ceto ga masu gadin gaɓa, irin na roba mai inji a baya, wanda mutum biyu ke turawa daga rairayi su ratsa igiyar ruwa. Na ji wani ɗan'uwanmu yana cewa ɓarnar kuɗi ce. Na ce, Malam, kai da ka san abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, ranar da kwalekwale ya kife a madatsar Watari da 'yan Islamiyya, har kake wannan magana? Ya yi shiru.

Amma kwalekwalen ba zai amfane ka ba in ba a ganinka, kuma nan ne muke kuskure, ni ne ma na farko.

A shekarata ta farko na je gaɓa ranar wata Asabar. Akwai tutoci biyu masu launin ja da rawaya an kakkafa, alamar wurin iyon da masu gadi ke sa wa ido, jama'a duk sun cunkushe a tsakaninsu, maza da mata, shigar kuwa ba sai na faɗa ba. Kunya ta kama ni. Na yi ta tafiya har na samu wani wuri da ba kowa, ruwan a kwance lumui, babu ko kumfa. Na ce alhamdulillahi, ga wurin mutunci. Ni da na tashi ina tsallake kogin Haɗeja da damina, ina bin masunta da gora, wane ruwa zai ba ni tsoro? Na shiga da riga da dogon wando.

Ashe wannan wurin da ya fi ko'ina lafawa shi ne ƙofar da ruwa ke bi ya koma ciki. Igiyoyi suna tara ruwa a baki, shi kuma sai ya samu kwari tsakanin tudun rairayi ya fice da gudu. Kogi ya kan ja ka gefe, kana ganin gaɓa a dama da hagu, ko reshe ka kama. Wannan kuwa tsakiyar teku yake nufa da kai. Ga sanyi. Ko a Agusta ruwan can bai cika wuce digiri 17 ko 18 ba, jikin da ya saba da zafin Jigawa yana shiga numfashi ya ƙwace. Na yi ta dukan ruwa ina neman komawa ta inda na shigo, wando ya yi nauyi kamar an ɗaura mini buhun gero. Na fara kalmar shahada. Wata yarinya ce daga masu gadin, ba ta fi sa'ar autarmu ba, ta hango ni da madubin hangen nesa, ta zo a kan allon ceto ta ɗauko ni. Da a ce na ƙara 'yan taku na sha kwanar dutse, ba mai ganina.

Ba ta tambaye ni fasfo ba, ba a karɓi ko sisi ba. Na faɗi wannan ne don na ga waɗanda ke jin tsoron neman taimako kada a kawo musu takardar biya. Ƙungiyar RNLI, wadda ke aikin ceto a tekun Birtaniya tun 1824, da sadakar jama'a take tafiya, kuma ba ta cajin wanda ta ceta. In ka ga wani yana nutsewa kada ka faɗa bayansa, ka kira 999 ka ce Kosgad, wato jami'an ceto a teku, kake so.

Abin da ta koya mini a ranar, ina zaune ina karkarwa cikin bargo: in ruwa ya ja ka, ka daina kokawa da shi. Ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ka baza hannu da ƙafa har numfashi ya dawo, sannan ka ɗaga hannu ɗaya ka yi ihu. In da ƙarfi, ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga jan. Jar tuta zalla, ba shiga. Mai baƙi da fari ta masu hawan igiyar ruwa a kan allo ce. Kuma masu gadin ba kwana suke a wurin ba, galibi daga 10 na safe zuwa 6 na yamma ne, a watannin zafi kawai, alhali mu mun fi son fita bayan la'asar.

Sai cika da janyewa. Mu mun san ruwa yana cika da damina ya janye da rani, teku kuwa sau biyu yake yi kusan kullum. Filin rairayin da kuke buga ƙwallo a kai, ruwa zai iya zagayowa ta bayanku ya yanke hanya kuna tsakiya. A Camber Sands, wata gaɓa a kudancin Ingila, cikin Agustan 2016, samari biyar abokai da suka zo yawo daga Landan suka rasu rana guda, lokacin babu masu gadi a wurin, sai daga baya aka saka. Ku duba jadawalin ruwa a waya kafin ku fita.

Maganar kunya kuwa, yanzu mukan haɗu mu goma ko fiye da safe, da zarar masu gadi sun fara aiki, kafin jama'a su cika wurin, mu tsaya a gefen tuta ta ciki, da gajeren wando mai rufe gwiwa. Matanmu ma akwai kayan iyo masu rufe jiki da ake sayarwa, ba sa shan ruwa kamar atamfa. Ƙanen abokin nawa dai na ce masa in ya sauka ya kira ni, ni zan kai shi ranar farko.